Yadi, katako ko saƙar kara: wace riga ta dace da allon shanye amo a ɗakin saurare a Legas

A bara, bayan na gama rataya alluna takwas a ƙaramin ɗakin da nake sauraron karatu da kiɗa a gidan da nake haya a Agege, na kira uwargida ta zo ta ji bambanci. Ta zauna a kujerar da nake zama, ta saurari ƙira'a na wani ɗan lokaci, ta kuma yarda cewa yanzu kowane harafi yana fita tas, ba kamar da ba da muryar mai karatu take dukan tayil da siminti tana dawowa a cakuɗe. Sannan ta ɗaga kai ta dubi bangon ta ce, "Maigida, kunne ya samu nasa, ido fa? Idan su Yaya suka zo daga Kano, nan za ka shigo da su?" Gaskiya ta faɗa. Allunan firam ne na katako mai faɗin santimita 60 da tsawon 120 da kaurin 10, an cika su da audugar dutse irin wadda 'yan kasuwa suke kira Rockwool, na kuma lulluɓe su da baƙin yadin da na samu da araha. Aikinsu suna yi, amma sun mayar da ɗakin tamkar wurin ajiyar kaya. Daga ranar na shiga neman rigar da zan sa musu, na gwada wasu hanyoyin da kaina, na ga wasu a gidajen abokai a Idi-Araba da Obalende, kuma su ne nake so in jera a gaban wanda yake tsaye a inda na tsaya.

Kafin a kwatanta kowace hanya da 'yar'uwarta, dole ne a san abin da allon yake yi, domin a nan ne mafi yawan masu ƙawata shi suke kashe shi ba tare da sun sani ba. Sauti motsin iska ne. Idan ya shiga cikin audugar dutse ko audugar gilashi, iskar tana gogar siraran zaruruwan da suke ciki, ƙarfinta ya riƙa raguwa yana zama ɗan zafin da jiki ba ya iya ji, sai abin da zai dawo cikin ɗaki ya yi ƙaranci. Tun a shekarar 1895, lokacin da aka ɗora wa Wallace Sabine, wani matashin malami a Jami'ar Harvard da ke Amurka, aikin gyara wani ɗakin lacca da ba a jin maganar mai magana, ya yi ta kwaso matasan kujeru daga wani zaure da dare yana gwaji, har ya tabbatar da cewa tsawon lokacin da amo yake ɗauka kafin ya mutu ya dogara ne da girman ɗakin da kuma yawan filin da yake shanye sauti. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, duk rigar da ta hana iska shiga allon ta rage wannan fili, ko da audugar da ke ciki ta fi kowace tsada. Gwajin da masu wannan sana'a suke yi kuwa ba ya buƙatar na'ura: ka ɗora yadin a bakinka, ka hura iska, ka sa tafin hannunka a bayansa. Idan iskar ta taɓa hannun ba tare da kumatunka sun kumbura ba, yadin ya ci jarrabawa.

Akwai wani abu guda da ya kamata a riƙe, domin shi zai raba mana alluna gida biyu. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda, saboda haka igiyar ƙasan sauti mai Hz 100, wato mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, irin gurnanin babban ganga, tsawonta ya kai mita 3.4, ita kuwa siririyar igiya mai Hz 10,000, irin wadda take cikin harafin sin da ƙarar kuge, santimita 3.4 ce kacal. Doguwar igiya ba ta damu da siririn yadi ba, ratsa shi take yi, gajeriyar ce yadi mai matsattsen saƙa yake mayarwa baya. Don haka allunan da suke gefen hagu da dama, inda sautin sifika yake fara dukan bango kafin ya iso kunne, su ne ba sa yafe kuskuren riga. Masu kaurin da aka tsayar a kusurwoyi domin kama ƙasan sauti suna da haƙuri, kusan kowane yadi za su iya sawa. Wanda yake so ya gane wuraren da sautin yake fara duka, ya zauna a kujerarsa wani ya riƙa jan madubi a jikin bango, duk inda ya hango sifika a madubin, wurin ne.

Hanya ta farko, wadda ta fi sauƙi kuma ba ta cika ba da kunya ba, ita ce yadi mara zane mai launin da ya yi kusa da fentin ɗakin. A ƙasashen waje akwai yadin da aka saƙa musamman domin wannan aiki, wanda ya fi shahara shi ne FR701 na kamfanin Guilford of Maine, amma kawo shi Legas da canjin dala na yau zai iya fin kuɗin allon kansa. Abin da yake hannunmu shi ne akoko da alawayyo da wasu yadukan labule marasa shafi a baya, waɗanda ake samu a Balogun da Tejuosho, sai kuma yadin fuskar sifika da masu haɗa akwatunan sauti suke amfani da shi. Akoko yana barin iska ta wuce idan an wanke shi sitacin ya fita, yana kuma karɓar rini da kyau. Illarsa ita ce ta kowane yadin auduga a garin da danshin iska yake yawan haura kashi 80 cikin 100 a damina: yana shan laima, yana iya saki ya yi tumbi a tsakiya, kuma idan ɗakin ba ya samun iska fumfuna tana iya kama shi. Yadin roba, wato foliyesta, bai damu da laima ba, yana zama a miƙe shekara da shekaru, sai dai a nemi wanda ba ya sheƙi, domin mai sheƙi yana bayyana kowane ƙulli da kowane kwarmi da ke jikin audugar idan fitila ta haska shi daga gefe. Buhun algarara ma yana cikin wannan sahu, iska tana wuce shi fiye da kowa kuma yana da kyan gani irin na gargajiya, amma yana riƙe ƙurar hunturu, yana zubar da gashi, kuma warinsa yana tashi idan ya ji damshi. Ni ban ba shi wuri a ɗakin da ake rufe taga saboda hayaƙin janareta ba.

Kyawun wannan hanya shi ne allon yana ɓacewa a ido. Idan bango ruwan madara ne allon ma ruwan madara, baƙo yana iya zama na tsawon hira bai lura da shi ba. Amma ga gidan da ake kunna turaren wuta, kamar mafi yawan gidajenmu, farin yadi ba ya daɗewa kafin ya fara yin ja a sama inda hayaƙin yake taruwa. Ruwan toka mai haske ko ruwan ƙasa sun fi jure wannan.

Hanya ta biyu ita ce wadda zuciyar Bahaushe take fara karkata gare ta, wato a yi amfani da kayanmu na ado: shadda, atamfa, saƙi, ko yadin rini. A nan ne na yi nawa kuskuren, kuma a nan ne zan fi daɗewa, domin bambancin da yake tsakanin waɗannan yaduka huɗu ya fi wanda yake tsakaninsu da katako. Na fara ne da shadda ruwan zuma, saboda ta dace da labulen ɗakin. Ranar da na sa ta a allunan gefe guda huɗu, ɗakin ya yi kyau ƙwarai, amma da na kunna kiɗan kukuma sai na ji saman sautin ya dawo da kaifin da na kashe kuɗi domin in kawar. Dalilin a fili yake da na ɗora ragowar yadin a bakina: shadda matsattsiyar saƙa ce, an kuma danne fuskarta da zafi da nauyi domin ta yi sheƙin da muke so, wanda ya toshe ƙofofin da suke tsakanin zare da zare. Abin da ya sa ta yi kyau a babbar riga shi ne ya hana ta aiki a allo. Ban zubar da ita ba, na mayar da ita kan dogayen allunan kusurwa, inda ƙasan sauti yake ratsa ta ba tare da matsala ba, har ma mayar da siririn sautin da take yi ya taimaka ɗakin bai mutu murus ba.

Atamfa tana tsakiya, kuma ba a yanke mata hukunci da ido. Sabuwa daga kanti kusan kullum tana faɗuwa gwajin hura iska saboda sitaci da sauran abin da aka shafa mata, amma ta auduga zalla, idan an wanke ta sau biyu ko uku, takan buɗe har ta yi amfani. Wadda aka yi wa ado da ruwan zinare ko ƙyalƙyali a sama ba ta buɗewa, domin wannan adon fenti ne a zaune a kan zaren. Ta fuskar lissafi atamfa tana da sauƙi: turmi mai yadi 6 ya kai kusan mita biyar da rabi, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya, allon da na kwatanta kuwa yana cin kimanin santimita 90 a faɗi da 150 a tsawo idan an haɗa da naɗe gefe, saboda haka turmi guda yana rufe alluna uku har a samu ragowa. Matsalarta ta ido ce. Zanen da ya yi kyau a jikin mace mai tafiya yana iya gajiyar da wanda zai zauna yana fuskantarsa awa biyu, musamman idan alluna shida ne a jere. Na ga ɗaki a Idi-Araba inda aka sa atamfa a allo biyu kacal a bayan kujera, sauran aka bar su da yadi mara zane wanda aka ɗauko launinsa daga cikin zanen atamfar, kuma ban ga inda aka fi yin amfani da ita da hankali ba. Wanda zai ja atamfa a firam ya kula da layin zanen, domin ɗan karkacewa kaɗan ido yana kama shi daga bakin ƙofa.

Saƙi shi ne ya fi burge ni, kuma shi na ƙare da shi a allunan gefe. Saƙar hannu da zaren auduga mai ɗan kauri tana barin ƙofofi da yawa, fuskarta ba ta sheƙi, kuma layukanta masu tafiya a tsaye suna ƙara wa ɗaki mai gajeren silin tsawo a ido. Gwado da luru suna cikin wannan dangi, haka ma ashoke na Yarbawa wanda ake samu a ko'ina cikin Legas, sai dai ashoken zamani da aka cika da zaren ƙyalli yakan yi tauri ya matse, dole a gwada shi ƙwarya-ƙwarya. Wahalar saƙi ita ce ƙwarya-ƙwarya ake saƙa shi sannan a haɗa, ɗinkin haɗin ba ya miƙewa daidai da sauran jikin, saboda haka idan an ja shi da ƙarfi sai layukan su yi lanƙwasa. Wani dattijo mai gyaran kushin a unguwarmu ne ya nuna mini yadda ake yi. Ya shimfiɗa yadin a ƙasa fuskarsa tana kallon tabarma, ya kife firam ɗin a kai, ya buga fil guda a tsakiyar kowane gefe, sannan ya riƙa tafiya zuwa kusurwa yana musanya ɓangare, yana shafa yadin da tafin hannu kafin kowane bugu. Ya ce mini, "Alhaji, saƙi ba a yi masa ƙarfi, lallashinsa ake yi." Kusurwar kuwa ya naɗe ta ciki yadda ninkin ya faɗa a sama da ƙasan allon, inda ido ba ya kaiwa.

Yadin rini, ko na marinar Ƙofar Mata a Kano ko adiren da ake kawowa daga Abeokuta, hukuncinsa yana komawa ga yadin da aka rina. Idan a kan akoko ko wata sakakkiyar auduga aka yi, rini ba ya toshe komai, domin cikin zaren yake shiga. Idan a kan shadda aka yi, kamar yadda ake yi wa adire da yawa, to shadda ce. Wanda zai yi saƙo daga Kano ya gaya wa marina kada a kai yadin wurin bugu, domin bugun da yake fitar da sheƙin shuni yana danne saƙar, ya kuma wanke shi har ruwan ya daina yin baƙi, idan ba haka ba shunin zai bar tabo a farin bango a damina ta farko, mai gida kuma ba zai yafe ba ranar tashi.

Hanya ta uku, buga hoto ko zane a kan yadin, tana da kyau idan an san abin da za a nema. A Shomolu, inda masu buga takardu da alluna suka taru, akwai bugu iri biyu da ake iya rikita su. Akwai na ledar talla, irin wadda ake yin allunan siyasa da na biki, wannan roba ce da iska ba ta ratsa ta ko kaɗan, kuma allon da aka rufe da ita ya zama bango kawai. Akwai kuma wanda ake shigar da launi cikin zaren foliyesta da zafi, irin yadda ake yi wa rigunan 'yan ƙwallo, wannan yana barin saƙar a buɗe. Zanen mai zane da fentin mai a kan yadin da aka riga aka shafe shi ma yana toshewa kamar ledar. Abin da ya dace a buga shi ne abin da ba ya gajiyar da ido, kamar dagi, ko zayyanar da ake yi a fuskar gidajen Zariya da Kano, ko askar da ake yi wa babbar riga, a launi biyu masu sanyi. Wanda yake tunanin rubuta aya ya fara duba ko a ɗakin ana kunna kiɗa, da kuma ko allon zai sauko kusa da ƙafafun masu zama. Wannan hanya ta fi yadi mara zane tsada, kuma idan hoton ya gundure ka babu abin yi sai sabon bugu.

Hanya ta huɗu ita ce wadda ake yayi yanzu a ofisoshi da falukan Lekki da Ikeja, wato jera siraran katako a tsaye a gaban baƙin yadi, da ɗan fili a tsakaninsu. Ta fuskar kyau babu wadda ta kama ƙafarta, domin allon yana tashi daga kayan aiki ya zama kayan ɗaki. Amma tana canja aikin allon, kuma ya kamata mai zaɓe ya san haka. Katako yana mayar da duk igiyar da tsawonta bai wuce faɗinsa da yawa ba, saboda haka sanda mai faɗin santimita 4 da fili na santimita 2, wanda ya bar kashi ɗaya cikin uku a buɗe, za ta mayar da siririn sauti cikin ɗaki ta bar na tsakiya da na ƙasa su shige. A ɗakin da aka cika da auduga har mutum yana jin kamar an toshe masa kunne, wannan magani ne, kuma wurinsa shi ne bangon gaba a bayan sifiku, ko kusurwoyi, ko bangon baya idan kujera ba ta jingine da shi ba. A allunan gefe kuwa ban ba da shawara ba, domin abin da aka kora ta ƙofa ne zai dawo ta taga. Idan an bambanta faɗin sandunan maimakon a yi su duka ɗaya, sautin da ya dawo yana ɗan warwatsuwa, ido ma yana hutawa.

Matsalar wannan hanya a Legas ita ce katakon kansa. Mafi yawan abin da ake sayarwa a kasuwar katako ta Mushin da sauran wurare ɗanye ne ko bai gama bushewa ba, kuma siririyar sanda mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai idan ta bushe a jikin allo murɗewa take yi, layin da aka wahala aka daidaita ya lalace. Dole a ajiye sandunan a cikin ɗakin makonni kafin a buga, a shafe dukkan fuskokinsu huɗu da bakin yanka da man katako, ba gaba kaɗai ba. Iroko da maɗaci suna jure gara da laima amma suna da nauyi da tsada, obece ba shi da nauyi kuma yana da sauƙin aiki amma ƙwari suna sonsa sai an yi masa magani, shi kuwa katakon garin itace da ake kira MDF yana kumbura da zarar laima ta shiga bakinsa. Ga kuma nauyi: allon da aka ɗora wa sanduna goma na iroko ba ƙusa guda za ta riƙe shi a bulon da ba shi da ƙwari ba, kuma ɗan haya ya san cewa kowane rami a bango magana ce tsakaninsa da mai gida.

Hanya ta biyar ba a cika ambatonta ba, alhali tana tsakanin yadi da katako kuma tana kusa da mu. Saƙar kara mai ido-ido, irin wadda masu yin kujerun kara a nan Legas suke sa wa a bayan kujera, tana da ramuka da yawa da iska take wucewa, ba ta da nauyi, kuma idan an ɗora ta a kan baƙin yadi aka zagaye da siririn firam, tana ba da kamannin tsohuwar rediyo mai daraja. Asabari ma haka yake idan tsinkayensa ba su matse ba. Tabarmar kaba mai matsattsiyar saƙa da tabarmar roba ba su shiga wannan lissafi ba. Raunin kara shi ne ƙura tana zama a idanunsa a lokacin hunturu, sai an riƙa bin sa da buroshi mai laushi, kuma yana iya yin fumfuna a ɗakin ƙasa da ba ya ganin rana.

Akwai abubuwa biyu da babu riga da za ta gyara su, kuma ina faɗin wannan da gaske. Kiret ɗin ƙwai da wasu suke mannawa a bango ba ya shanye sautin kirki, fenti ko yadi ba zai sa ya fara ba. Soson katifa kuwa, bayan ƙarancin amfaninsa, makamashi ne. A shekarar 2003, a wani gidan rawa a jihar Rod Ailan ta Amurka, wuta ta kama soson da aka manna a bango domin rage ƙara, mutum 100 suka rasu. Audugar dutse ba ta cin wuta, amma yadin da yake kanta da firam ɗin suna ci, saboda haka kaskon turare da maganin sauro na kunnawa da soket mai zafi su yi nesa da allo, kowace riga aka zaɓa.

Idan aka ɗora hanyoyin a ma'auni guda, ga yadda nake ganinsu. Ɗan hayar da bai san ko zai sabunta a baɗi ba, yadi mara zane na foliyesta ya fi masa, domin ba shi da nauyi, ba ya jin laima, kuma yana shiga kowane ɗaki da zai koma. Wanda ɗakin saurarensa shi ne falon da ake karɓar baƙi, ya sa saƙi ko akoko rinanne a gefe, ya bar shadda ko atamfa ga kusurwa, domin iyali za su karɓi allon a matsayin ado, shi kuma bai rasa komai a kunne ba. Wanda gidan nasa ne, yana da kafinta mai haƙuri, kuma ɗakin ya riga ya yi shiru fiye da kima, shi ne katako ya dace da shi, a bangon gaba kaɗai. Bugun hoto na wanda yake da allo ɗaya ko biyu ne a wurin da ido yake fara sauka. Kara kuma na wanda yake son ɗumin itace ba tare da nauyinsa ba, matuƙar ɗakinsa yana samun iska.

Duk wadda aka zaɓa, akwai gini guda da ya sauƙaƙa mini komai, kuma da na san shi tun farko da shaddar ba ta ci mini fil ɗari ba. A yi wa allon riga biyu. Ta ciki siririn yadi ne mai sakakkiyar saƙa da zai rufe audugar gaba da baya har abada, domin zaruruwanta suna sa ƙaiƙayi kuma bai kamata su fito inda yara suke wasa ba, baƙi idan rigar waje mai duhu ce, fari idan mai haske ce, don kada launin audugar ya leƙo. Ta waje kuma a ja ta a kan siririn firam dabam wanda zai manne a fuska da maganaɗisu ko ƙananan sukurori, yadda za a iya cire ta a kakkaɓe bayan hunturu, ko a sauya ta gaba ɗaya ba tare da an taɓa audugar ba. A saukar da audugar ƙasa da bakin firam da rabin santimita domin yadin ya tsaya a iska ya yi sumul. A rataya allunan da katako biyu da aka yanka bakinsu a karkace suna shiga juna, ɗaya a bango ɗaya a allo, a kuma daidaita kawunansu da layin saman ƙofa ko taga, domin alluna masu tsawo daban-daban a bango guda suna ɓata ɗaki fiye da mummunan yadi.

Sannan a bar fili na santimita 5 zuwa 10 tsakanin allo da bango. Iska ba ta motsi sosai a daidai jikin bango, motsinta ya fi ƙarfi a ɗan nesa da shi, saboda haka allon da aka janyo gaba yana kama sautin da ya fi ƙasa ba tare da an ƙara masa auduga ba. A Legas filin yana da amfani na biyu, domin bangon da yake shan ruwan sama daga waje yana gumi daga ciki tsakanin Mayu da Yuli, kuma allon da aka manna masa shi zai fara yin baƙi a baya. Amfani na uku uwargida ce ta gano shi: ta sa aka zagaya siririyar fitilar LED mai ruwan ɗorawa a bayan alluna biyun da suke gefen taga, wadda ba ta zafi kuma ba ta cin wuta sosai idan ana kan batir, sai hasken ya riƙa fitowa ta gefensu yana kwantawa a bango, layukan saƙin suna bayyana ɗaya bayan ɗaya. Da su Yaya suka zo da Babbar Sallah, a ɗakin muka ci abincin dare, kuma abin da ya fara tambaya shi ne a wane gari aka saƙa gwadon.